Salonika da Bashin Tunawa da Al'ummar da Aka Shafe

Kowace shekara, ranar 27 ga Janairu, manyan baƙi kan tsaya cikin sanyin ƙasar Foland a harabar sansanin Auschwitz, a ajiye furanni, a kunna kyandir, a yi jawabai. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware ranar a 2005, domin a irinta ne sojojin Tarayyar Sobiyet suka isa sansanin a 1945. Babu mai hankalin da zai ce wurin bai cancanci haka ba, tunda mutum kusan miliyan 1.1 aka kashe a can, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa. Sai dai wannan salon tunawa yana yi wa mai kallo wani abu ba tare da ya ankara ba. Yana nuna masa Yahudawan Turai a ranar da aka riga aka raba su da gidajensu, aka aske musu kai, aka jibge takalmansu, wato a siffar da makasansu suka ƙera musu. Tamkar mutum ne ya je zaman makoki ya yini yana tambayar yadda mamaci ya cika, bai taɓa tambayar ɗan gidan wa ne ba, ko da wace sana'a ya riƙe iyalinsa. Abin da 'yan Nazi suka hallaka mutum miliyan shida ne, tare da dubban garuruwa da unguwanni masu kasuwanninsu da makarantunsu da harsunansu da rigingimunsu na cikin gida. A ganina tunawa ba ta cika sai ta koma inda mutanen suka rayu, kuma dalilin da ya sa aka fi jinkirta komawa can shi ne a nan ne tunawar take da tsada ga masu rai. Birnin Salonika, wanda Girkawa ke kira Tasalonika, ya isa hujja.

Lokacin da sarakunan Sifaniya suka kori Yahudawa a 1492, shekarar da daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ta faɗi, Daular Usmaniyya ta Turkawa a zamanin Sarki Bayazid na Biyu ta buɗe musu ƙofa. Da yawa suka sauka a Salonika, wasu suka biyo baya daga Fotugal da kudancin Italiya. Kowace ƙungiya ta gina majami'arta ta laƙaba mata sunan inda ta baro: Aragon, Kataloniya, Lisbon, Sisili. Suka kafa maɗaba'a tun farkon ƙarni na 16, suka riƙe saƙar ulu har su ne ke samar da yadin kayan sojojin sarki. Harshensu, wanda ake kira Ladino, tsohon Sifaniyanci ne da ya tsotsi kalmomin Ibrananci da Turkanci da Girkanci, kuma ya zama harshen kasuwa a birnin. Tsawon ƙarnuka Yahudawa su ne al'umma mafi yawa a Salonika, abin da da wuya a samu a wani babban birnin Turai. Wanda ya saba jin cewa Bayahude mai banki ne ko mai ba da bashi zai sha mamaki a nan, don yawancinsu talakawa ne, 'yan dako da masunta da ma'aikatan kamfanonin taba. Ranar Asabar tashar jiragen ruwa kan tsaya cak saboda masu sauke kayan suna hutun addininsu. Suna da jaridu irin su La Epoka da aka kafa a 1875, suna da ƙungiyar ƙwadago mai ra'ayin gurguzu da Avraham Benaroya ya jagoranci kafawa a 1909, suna da masu goyon bayan ƙaura zuwa Falasɗinu da masu adawa da ita, da malamai masu ra'ayin riƙau da 'yan boko masu karatu da Faransanci. Al'umma ce cikakkiya wadda ba ta taɓa magana da murya ɗaya ba.

Rauninta ya fara tun kafin zuwan Jamusawa. Girka ta karɓi birnin a 1912. Gobarar Agustan 1917 ta cinye tsakiyarsa ta bar mutum kusan 70,000 ba muhalli, fiye da 50,000 daga cikinsu Yahudawa, kuma sabon tsarin gini da gwamnati ta fito da shi ya tura talakawansu bayan gari. Musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 ta kwashe Musulmin birnin ta kawo dubun dubatar Kiristoci 'yan gudun hijira masu neman fili da shago. A 1931 'yan kishin ƙasa masu tsattsauran ra'ayi suka cinna wa unguwar Yahudawa ta Campbell wuta. Saboda haka da sojojin Jamus suka shigo a Afrilun 1941, sun tarar da ƙasa mai laushi. Ranar Asabar 11 ga Yulin 1942 aka tara maza Yahudawa kusan 9,000 a Dandalin Eleftherias, wato Dandalin 'Yanci, aka sa su tsalle-tsalle da birgima cikin rana ana dukansu, jama'a na kallo. A Fabrairun 1943 Dieter Wisliceny da Alois Brunner, yaran jami'in Nazi Adolf Eichmann, suka iso. Jirgin ƙasa na farko ya tashi ranar 15 ga Maris daga unguwar Baron Hirsch da ke maƙwabtaka da tasha, kuma kafin ƙarshen Agusta an kwashe mutum fiye da 45,000, kusan dukkansu zuwa Auschwitz. Waɗanda suka sake taruwa a birnin bayan yaƙi, daga sansanoni da duwatsu da maɓoya, ba su wuce 2,000 ba.

Maganar maƙabarta ce ta fi tona asiri. Tana cikin mafi girman maƙabartun Yahudawa a Turai, mai kaburbura sama da 300,000, wasu tun ƙarni na 15. Hukumomin birnin sun daɗe suna kwaɗayin filin domin faɗaɗa gari da jami'a, kuma an yi ta jayayya a kansa tun shekarun 1930. A Disamban 1942, watanni kafin jirgin farko ya tashi, hukumomin Girka na yankin suka sami amincewar Jamusawa, aka turo ɗaruruwan leburori suka rusa ta. Duwatsun marmara na kaburbura suka zama kayan gini. An yi daɓen hanyoyi da su, an gyara coci-coci, sojojin Jamus sun gina wurin wanka da su, masu gidaje sun kwasa. A kan wannan fili Jami'ar Aristotle take zaune a yau. Shagunan waɗanda aka kwashe kuwa, an kafa hukuma ta musamman ta raba su ga waɗanda aka kira masu riƙon amana, kuma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka tsira suka iya karɓo kayansu. Wannan ba ya rage laifin Jamus ko da ƙwayar zarra, don ita ta shirya kisan ta aiwatar. Ba kuma hukunci ba ne a kan Girkawa baki ɗaya: a Atina babban limamin coci Damaskinos ya rubuta takardar ƙin amincewa a fili, a tsibirin Zakynthos bishop da magajin gari sun ƙi miƙa sunayen Yahudawansu 275, duka suka tsira. Waɗannan misalan ma su ne suke nuna cewa akwai zaɓi, kuma manyan Salonika sun yi nasu.

Daga nan za a gane dalilin dogon shirun. Max Merten, jami'in Jamus da ya kula da harkokin farar hula a birnin, ya shigo Girka a 1957 aka kama shi, kotu ta yanke masa shekara 25 a 1959, amma cikin 'yan watanni aka sallame shi zuwa Jamus ta Yamma. Sai a 1997 birnin ya kafa abin tunawa da Yahudawansa a bainar jama'a, shi ma a wata unguwa nesa da tsakiya, kafin a matso da shi bakin Dandalin 'Yanci a 2006. Dandalin kansa ya shafe shekaru da dama yana zaman wurin ajiye motoci. Jami'ar ba ta kafa alamar da ke cewa a kan kaburbura take ba sai 2014, shekara 72 bayan rusau, kuma an sha lalata alamar tun daga lokacin. A wannan shekarar ce magajin gari Yiannis Boutaris ya maƙala tauraro mai launin rawaya a rigarsa ranar rantsuwa, don nuna ƙyamar zaɓen ɗan jam'iyyar masu aƙidar Nazi a majalisar birni. Ɗalibai nawa suka gama karatu a wannan jami'a, suka san sunan Auschwitz, ba su san abin da ke ƙarƙashin ajinsu ba? Yin makoki a kan abin da baƙi suka aikata a wata ƙasa abu ne mai sauƙi. Faɗin cewa gidan da kakanka ya bar maka na wani ne, wannan sai an daure.

Salonika ba ita kaɗai ba ce. A Babi Yar da ke Kiev an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a ƙarshen Satumban 1941, amma ginin tunawa da gwamnatin Sobiyet ta kafa a 1976 bai ambaci kalmar Bayahude ba. A garin Jedwabne na Foland allon da aka kafa ya ɗora wa Jamusawa kaɗai laifin ƙona Yahudawan garin a cikin rumbu ranar 10 ga Yulin 1941, har sai da littafin masanin tarihi Jan Gross na 2000 ya nuna rawar da maƙwabtansu suka taka, Shugaban Foland Aleksander Kwaśniewski ya je ya nemi gafara a 2001, kuma har gobe ana taƙaddama a kan batun.

Abin lura shi ne waɗanda abin ya shafa sun fahimci wannan tun suna cikin wuta. A unguwar da aka killace Yahudawan Warsaw, masanin tarihi Emanuel Ringelblum ya haɗa ƙungiyar asiri mai suna Oneg Shabbat don tattara shaida. Ba rahoton kisa kaɗai suka tara ba. Sun adana rubutun 'yan makaranta, katin rabon abinci, tikitin wasan kwaikwayo, takardar naɗe alewa, barkwancin da ake yi a titi, da bayanan ƙananan garuruwa daga bakin 'yan gudun hijira. Suka binne su cikin akwatunan ƙarfe da manyan gwangwanayen madara. An kashe Ringelblum a Maris 1944, mutum uku kacal suka tsira daga ƙungiyar. An tono kashi na farko a 1946, na biyu a 1950, shafi kusan 35,000, na ukun kuwa har yau ba a same shi ba. Bayan yaƙi sai ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da suka watsu a New York da Tel Aviv da Buenos Aires suka shiga haɗa kuɗi suna buga littattafan tunawa da garuruwansu, waɗanda ake kira yizkor, sama da dubu ɗaya, yawancinsu da harshen Yiddish da Ibrananci. A ciki akwai taswirar gari da aka zana da ka, gida bayan gida, da labarin mai ɗiban ruwa da ungozoma da mahaukacin gari da laƙabin kowa, sai a ƙarshe jerin sunayen matattu. Tsarin kansa hujja ne: ɗaruruwan shafuka na rayuwa kafin a zo ga mutuwa. Cibiyar Yad Vashem da aka kafa a Kudus a 1953 ta tattara sunayen kusan mutum miliyan biyar, aiki ne babba ƙwarai, amma ita ma ta ga cewa suna shi kaɗai bai wadatar ba, ta sassaƙa sunayen al'ummomi sama da 5,000 a jikin duwatsu a wani kwari da ta keɓe. Ragowar miliyan ɗayan da ba a san sunayensu ba, da yawansu daga wuraren da aka shafe kowa da kowa ne, ba a bar ko mutum ɗaya da zai ba da shaida ba.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa mayar da hankali ga rayuwa hanya ce ta tausasa laifi. Gidan tarihi na POLIN da ke Warsaw, wanda aka buɗe babban baje-kolinsa a 2014, yana ba da labarin shekara dubu na Yahudawan Foland, kisan kiyashi ɓangare ɗaya ne cikin takwas, kuma wasu masana sun zarge shi da ƙawata zaman tare fiye da yadda ya kasance. A unguwar Kazimierz ta Krakow akwai gidajen abinci masu kiɗan Yahudawa da adon Yahudawa don 'yan yawon buɗe ido, ana sayar da kewar mutanen da babu su. Haɗarin gaskiya ne. Amma maganinsa shi ne a ba da labarin rayuwar dukansa, har da ɗacinsa. Wanda ya ba da tarihin Yahudawan Salonika da gaskiya dole ya bi ta kan gobarar 1917 da yadda aka sake rabon filaye, da harin 1931, da jayayyar maƙabarta, kuma waɗannan su ne suke bayyana yadda aka kwashe kashi ɗaya cikin biyar na mutanen birni ba tare da birnin ya girgiza ba. Labarin sansani yana nuna maka mai kisa sanye da kakin soja. Labarin gari yana ƙara maka da magatakarda da ɗan kwangila da maƙwabci, mutanen da kowace al'umma take da irinsu.

Suka ta biyu ita ce wadda mai karatu a Kano ko Damagaram zai fi saurin kawowa, kuma kauce mata rashin gaskiya ne: don me za a dame mu da makokin Yahudawa alhali muna ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa, kuma ana amfani da wannan tarihi wajen toshe bakin masu suka? Cewa 'yan siyasa suna jan tarihin nan zuwa buƙatunsu gaskiya ne, kuma masana Yahudawa da dama, a cikin Isra'ila da wajenta, sun daɗe suna faɗin haka. Sai dai ɗan dakon Salonika da aka tura cikin taragon dabbobi a 1943 ya mutu shekara biyar kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Bai kori kowa daga gonarsa ba, kakanninsa sun yi sama da shekara 400 a ƙarƙashin sarakunan Musulmi. Wanda ya hana shi haƙƙin a tuna da shi saboda aikin wata gwamnati ya ɗauki ƙa'idar kama mutum da laifin jinsinsa, ita ce kuwa ƙa'idar da aka kashe shi da ita, kuma addinin mafi yawan masu wannan suka ya hana ɗora wa rai nauyin wani rai. Wasu Musulmin da suka ga abin da idonsu ba su yi wannan lissafi ba. Derviš Korkut ya ɓoye tsohon littafin ibadar Yahudawa na Sarajevo daga hannun Jamusawa, ya kuma ɓoye wata budurwa Bayahudiya a gidansa. Ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rhodes, Selahattin Ülkümen, ya ceci mutum fiye da 40 a 1944. Iyalan Albaniya, yawancinsu Musulmi, sun ɓoye nasu Yahudawan da baƙin da suka gudo. Gaskiya ta kuma tilasta a faɗi cewa Muftin Kudus Amin al-Husaini ya gana da Hitila a 1941 ya yi wa Jamus farfaganda. Sannan Falasɗinawa da kansu sun san darajar irin wannan aiki: masanin tarihi Walid Khalidi ya wallafa kundin ƙauyuka 418 da aka raba da mutanensu a 1948, kuma 'yan gudun hijira sun rubuta littattafan ƙauyukansu masu taswira da sunayen iyalai da rijiyoyi, masu kama da na yizkor ƙwarai. Mai son a yarda da kundin Khalidi ba shi da hujjar ƙin na Ringelblum, haka nan mai riƙe da na Ringelblum ba shi da hujjar ƙin na Khalidi.

Suka ta uku ta fi damuna, don ba ta da cikakkiyar amsa. Ana cewa dutse da allo ba sa adana al'umma, suna dai sauke wa masu rai nauyi ne. Tun shekarun 1990 mai zane Gunter Demnig yake dasa ƙananan alluna na tagulla a daɓen titi, a ƙofar gidan ƙarshe da mutum ya zauna da son ransa, da sunansa da shekarar haihuwarsa da inda aka kai shi. Sun haura 100,000 a 2023, a ƙasashe kusan 30, har da Salonika. Ƙarfinsu shi ne suna mayar da tunawa unguwa, kuma sau da yawa 'yan makaranta ko mazauna gidan ne ke binciko tarihin mai sunan. Duk da haka majalisar birnin Munich ta hana dasa su a filin gwamnati a 2004, bisa ƙorafin shugabar Yahudawan birnin Charlotte Knobloch, wadda ita kanta ta tsira daga kisan, cewa ba za a sake tattaka sunayen matattu da takalmi ba. Na fi karkata ga Demnig, amma ba na ganin akwai mai ikon ce wa wannan baiwar Allah ta yi kuskure. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne allo ba ya magana da harshen mai sunan. Kafin yaƙi mutum kusan miliyan 11 ke jin Yiddish, kuma mafi yawan waɗanda aka kashe da shi suke magana. Ladino ya fi shiga uku, don Salonika ce cibiyarsa, kuma Yahudawa kusan dubu da suka rage a birnin da Girkanci suke rayuwa.

Nan ne ya kamata a auna da gaske ake ko da wasa. Ana gina babban gidan tarihin kisan kiyashin a Salonika kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da tallafin gwamnatin Jamus da wasu gidauniyoyi, kuma abu ne mai kyau. Amma takardun al'ummar da 'yan Nazi suka wawashe sun watsu: wasu sojojin Sobiyet suka kai Mosko, wasu suna cibiyar YIVO a New York, wasu a Kudus. Da yawansu an rubuta su da Ladino cikin wani salon rubutun hannu mai suna Solitreo, wanda masu iya karanta shi a duniya ba su da yawa. Cikinsu akwai rajistar aure da ƙararrakin gado da takardun haya da koken zawarawa, wato ainihin shaidar wa ya zauna ina, wa ya mallaki me. Kuɗin gini yana da sauƙin samu saboda akwai bikin yanke zare da hoton shugabanni. Kuɗin horar da ɗalibai ashirin su iya karanta waɗannan takardu, su daidaita su da rajistar filaye ta birni, su gano duwatsun kaburburan da har yanzu ke cikin katangu da farfajiyar coci-coci a mayar wa al'ummar, shi ne ba a cika samun mai rububin bayarwa ba, kuma jami'ar da ke zaune a kan maƙabartar ce ta fi kowa cancantar ɗaukar wannan nauyi.